Alama Huɗu

Yanzu kafin in tura wasiƙa
sai na'ura ta tare ni a bakin ƙofa
kamar mai gadin Sakatariya:
Wannan ta wa ce? Wa zai gani?

Huɗu ne, in ji Sagiru,
yaron da aka turo ya koya mana,
mai farin takalmi da saurin baki.
Koriya ta kowa ce, ko a jikin motar Nyanya a manna ta.
Shuɗiya ta 'yan gida.
Ruwan ɗorawa, sirri.
Ja kuwa, sai ya rage murya,
ko ta ɓata hanya ba ta buɗuwa,
ba a kwafa, ba a bugawa,
da ƙofarta take tafiya, a kulle.

Malam Tanimu na rajista ya murmusa.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗaure fayil da jan zare,
tawadar tambari ta zauna a babban yatsansa
har alwala ta gaji da ita.
Ya ce, da can ma huɗu ne, yaro,
sai dai a ƙirji muke ajiye su.

Na saba.
Sanarwar hutu, koriya.
Jadawalin masu zuwa kwas, shuɗiya.
Albashi, ruwan ɗorawa,
ko da yake abin da ke ciki
bai kai a ɓoye ba.

Ran Laraba, ana gab da azahar,
janareto na tari a bayan taga,
takarda ta shigo daga asibitin ma'aikata.
Sunan Iliya direba a sama.
Iliya da ke sauke ni a gadar Mararraba
in ruwa ya tsuge,
ba ya karɓar ko sisi.
Ƙoda biyu. Wanki sau biyu a mako.
Likita ya rubuta sauran da harshensu,
amma na gane.

Koriya aka sa mata.
Wani ya yi sauri, ko yunwa ta ɗebe shi.
A ƙasa kuma umarni: a tura wa sashe.
Sashe mutum arba'in da bakwai ne.
Na san su. Na san wanda zai ce Allah sarki,
na san wanda zai fara lissafin
wa zai gaji makullin motar.

Na cire koriya.
Na sa ja.
Suna uku kawai: darakta, akanta, da mai ciwon.
Na'ura ta tambayi dalili,
na rubuta: jikinsa ne.

Ban taɓa jin aikina ya yi nauyi haka ba,
dannawa ɗaya,
kamar in ja wa mai barci mayafi.

Ƙarfe biyu na sauka gindin dalbejiya
wurin Kande mai shinkafa.
Ban kai ga zama ba na ji:
Kin ji Iliya kuwa? Wai ƙoda.
Masinja ne ya gan shi a layin asibiti,
ya faɗa wa mai shara,
mai shara ta ce kada a faɗa wa kowa.
Cokula na ta aiki.

Sagiru, ina alamar da ake sa wa harshe?
Wane launi ne ke hana magana kwafuwa?

Da aka tashi na same shi a bakin get
yana goge gilashi da tsumma,
ƙafafunsa sun cika takalmin.
Hajiya Lantana, za a Mararraba?
Na ce za a.

Har A.Y.A. muna zancen tsadar mai.
A cunkoson Nyanya ya sayi gyaɗa, ya miƙo min,
shi bai ci ba.
Na san ya sani na sani.
Bai buɗe ba.
Ni ma ban nemi makulli ba.