Matakala Ɗari da Sittin

A Valparaíso gidaje kan juna suke hawa
kamar awaki a gefen dutse.
Ni ne Evaristo, mai kai tukunyar gas gida-gida,
shekara goma sha tara da ƙarfe a kafaɗa.
Matakalar layinmu ɗari da sittin ce.
Ban taɓa ƙirgawa ba
sai da bayana ya juya mini baya.

Ba faɗuwa na yi ba.
Sunkuyawa ce kawai, wata Talata da hantsi,
sai wani abu ya ce ƙas a ƙuguna,
na tsaya a lanƙwashe kamar lauje,
teku na kallona, ko a jikinsa.

Mako uku rufin ɗaki ne sararin samaniyata.
Tari ya zama abokin gaba.
Atishawa kuwa, sai na roƙe ta ta yi haƙuri.
Safa tana can ƙarshen ƙafata,
nesa kamar garin da ba mota.

Likitar gashin ƙashi, Ximena,
yarinyar da na haifi kamarta,
ta ce kwanciya ba ta gyara ƙofar da ta cije.
Tashi. Yau matakala biyar.
Biyar? Ni da nake tsallake bibbiyu ina fito?
Na yi huɗu, na zauna ina zufa.

Kowace safiya tsohuwa Eulalia takan wuce ni,
burodi a hammata, shekara tamanin a gwiwa.
Ba ta taɓa ce mini sannu ba.
Sai dai ta nuna matakala ta arba'in da bakwai,
wadda ta fi sauran faɗi:
nan ake hutawa, ɗan nan,
daga nan ake ganin jirage na shigowa.

Goma. Ashirin da biyu.
Wata rana na yi zarin ƙafa na kai saba'in,
washegari na koma goma.
Jiki ba ya karɓar cin hanci.
Na koyi durƙusawa da gwiwa kafin ɗauka,
na koyi rungumar kaya kamar jariri,
na fara da tukunyar da babu kome a ciki,
yaran layi suna dariya.

Ban san ranar da ya sake ni ba.
Hular wani yaro ce iska ta kwashe,
na bi ta, na cafke,
sai da na miƙa masa na tuna:
af, ashe gudu na yi.

Yanzu ƙarfen ya koma kafaɗa,
ina buga shi da makulli, unguwa ta san na iso.
Ina iya haye ɗari da sittin ban tsaya ba.
Amma a ta arba'in da bakwai nakan sauke.
Eulalia takan matsa mini wuri,
ta gutsuro burodi,
mu ƙirga jirage.