Ruwa a Ɓargo

Ban faɗi ba. Haka na yi ta gaya wa masu dubiya.
Mashin bai kayar da ni ba, jaki bai harbe ni ba.
Wata Talata ce na tashi zan gangara fadamar Kwalkwalawa,
katarata ta hagu ta ce ba da ita ba.

Arzika maɗori ya lalube ni daga ƙugu har gwiwa,
ya ce, "Babu karaya, babu targaɗe, mi za ni ɗora?"
Wanzami ya kafa ƙaho huɗu, ya zuƙe jini da kuɗin taki.
Luba ta gasa wurin da ganyen tumfafiya.
Dare ya raba,
zogin na zaune daram kamar mai bin bashi.

Hoton ƙashi na farko ya fito fes.
Na ji kunya, sai ka ce na yi wa ƙafata ƙazafi.

Sai suka zura ni cikin wani farin bututu
mai ƙarar injin niƙa,
aka ce ko tari kada in yi.
Na yi salati, na ƙirga buhunan da ba zan cika ba bana.

Likita Saudatu ta ɗora hoton a kan haske,
ta sa bakin biro a kan ƙashin cinya,
can inda ya dunƙule kamar kan taɓarya.
"Ka ga wannan hazon? Ruwa ne ya taru a ɓargo.
Na ji tsoron ko ƙashin ne ke mutuwa, amma jini na kai masa.
Babu yanka. Sanduna biyu, ƙwayar rage zogi,
kada ka ɗora mata nauyi.
Wata shida, ko tara. Da kansa zai janye."

To, na san wannan ruwa.
Haka Rima kan hau gona ba sallama,
ya kwana, ya yi wata,
ba a korar sa da fartanya.
Mai gaggawa a laka yakan bar takalminsa.

Modi ya dasa albasa a madadina,
layukansa a karkace.
Na gani daga bakin kwalta, na haɗiye maganata.

A wata na bakwai hazon ya washe daga hoto.
Sanda ɗaya na ba maƙwabci aro,
ɗayar Luba ta tokare igiyar shanya da ita.