Zango na Biyar

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin rediyon jirgin ruwa.
Kunnena ya san muryar Callao, ya san ta Antofagasta,
ko da hadari, ko da dare ya raba.
Yau ga ni durƙushe bayan kujera, a gidana kan tudun Valparaíso,
tocila a baki, gwiwa na kuka,
ina lallashin baƙin akwati mai ƙaho huɗu.

Herminia ta ce daga kicin: Nibaldo, romon kifi zai huce.
Na ce ya huce.

A jikin kwali an rubuta zango biyu.
Na biyu da ɗigo huɗu yana nan daram,
cunkus kamar kasuwa ranar Asabar,
maƙwabta goma sha bakwai sun zuba a ciki,
kowa na magana, ba mai sauraro.
Na biyar kuwa, mai saurin nan da na biya kuɗi dominsa,
ko sama ko ƙasa.
Wayata ba ta gan shi ba.
Talabijin bai gan shi ba.
Kwamfutar da jikata ta bari ta leƙa, ta dawo hannu rabbana.

Na zare wuta, na ƙirga talatin, na mayar.
Na soka tsinke a ɗan ramin baya
har fitilu suka mutu, suka farfaɗo ɗaya bayan ɗaya.
An ce in tagwaye suka haɗa suna
wanda ya fi kusa shi ke amsa kira,
sai na raɗa wa ɓataccen suna nasa na kansa.
Na kira, shiru.

Ƙarfe tara Maite ta bugo daga Temuco.
Kaka, bar zagin kamfani, buɗe shafin akwatin,
lambobin nan masu ɗigo-ɗigo da ke manne a gindinsa.
Na nemo tabarau. Na yi kuskure sau uku.
Ta ce duba tasha, nawa ya zaɓar wa kansa?
Na ce ɗari da ashirin.
Ta yi dariya irin ta uwarta.
Wannan layin aro ne, kaka, na rada ne,
da zarar akwatin ya ji motsinta sai ya kama bakinsa.

Na miƙe da ƙyar, na ja labule.
Ga tashar jiragen ruwa shimfiɗe a ƙasa, fitilu rututu,
a kan wani jirgin dakon kaya
farin sanda na juyawa, na juyawa.
Rada ce ke masa raɗa,
ni da ke tsakani ban ji komai ba.

Sai na tuna agogon ɗakinmu mai jan zane biyu:
sau biyu a awa, minti uku cur,
kowane jirgi a teku ya yi tsit,
ko akwai mai nutsewa da muryarsa ba ta da ƙarfi.
Ashe akwatin nan lafiyarsa ƙalau.
Ladabi gare shi,
ni kuwa tun azahar nake tsikarar sa da tsinke.

Na mayar da shi talatin da shida. Na jira.
Talabijin ya fara ganin sa, sai kwamfuta,
baka uku cike taf.
Wayata dai har yanzu a'a.
Maite ta ce ta tsufa, ba a yi ta da wannan kunnen ba.
Na ce nima na hagu ya daɗe da yin ritaya.

A ɗakin kwana zangon ba ya shiga,
bangon ya fi ƙarfinsa, tsohon gini ne.
Gobe in ji da wannan.

Romo ya huce har ya yi fata.
Herminia ta ɗumama ba ta ce uffan ba.
Na sha a tsaye bakin taga,
sandan nan na ta juyawa.