Kunnen Akaza

Ranar da na ce wa Baba
ɗabi'ar dabba zan karanta a jami'a,
yana ɗaura wa Akaza karo.
Bai ko juyo ba.
Ya ce, "Shekara huɗu don a san jaki?
Ga shi nan, kalle shi kyauta."

Inna Dije ta zaga Maiurno gida-gida
tana cewa likitan shanu zan zama,
don ta rasa sunan da za ta ba abin.
Ban gyara mata ba.

A Sinnar, Dakta Ihlas ta raba mana
agogo da fensir da takarda mai layi.
Ta ce, "Kada wanda ya rubuta mini: ya yi fushi.
Fushi naka ne, baro shi a gida.
Rubuta: kunne ya kwanta baya.
Rubuta: ya doki ƙasa sau uku.
Abin da ido ya gani, shi kaɗai."

Da rani lori ya zube mu a Dindir.
Kwana tara ina gindin goriba
ina gadin wani gwaggon biri mai guntun bindi.
Ya yi susa, na rubuta.
Ya yi hamma, na rubuta, ni ma na yi.
Ƙuda ya sha gumina ya ƙoshi,
kisira ta bushe a jaka kamar tsohuwar fata,
na ce, ashe Baba ya fi Dakta gaskiya.

Sai a kwana na shida
lissafin ya buɗe baki da kansa:
kullum shi ne ƙarshen shan ruwa,
kuma da hannun hagu yake dafa ƙasa.
Na ɗaga tabarau mai jawo nesa.
A wuyan hannun dama, zobe ba gashi,
sawun wayar tarko.

Da yamma muka bi ma'aikatan daji,
muka kwance tarko goma sha ɗaya
a hanyar da gwanki ke bi zuwa tafki.
Na riƙe ɗaya, yatsuna suka gane ƙullin
tun kafin kaina ya gane:
irin wanda Kaka Barmo ya koya mini
a bayan rumbu, ina ɗan shekara bakwai,
shekarar da dawa ta ƙi
muka ci zabin daji har kaka.
Takardar ba ta da layin wannan.
Na bar wurin fari.

Da hutu na dawo gida
da ido wanda ya daina gaggawa.
Na zauna a bakin kogi, agogo a gwiwa,
Akaza na hawa gangare da ganga biyu.
Duk taku na huɗu, fatar kafaɗa ta yi rawa.
Na ɗaga akumari.
Gyambo ne, faɗin bakin finjali,
an rufe shi da tsohuwar rigar Baba,
ninki huɗu, a tsanake.

"Na sani," in ji shi.
"In ya huta, wa zai kai wa unguwa ruwa?
In bai huta ba, wa zai kai musu baɗi?
Wannan ma an karantar da ku?"

Ba a karantar da mu ba.

Daren nan, a hasken tocila,
muka farke akumarin, muka cusa sabuwar auduga,
muka fafe gurbi daidai da ciwon.
Kwana goma ni na ja ganga ɗaya a baro,
yaran unguwa suna kira na Dakta Jaki.

Da safen sha ɗaya Baba ya tsaya nesa,
ya ce, "Dubi kunnen hagu.
Shi yake fara magana, na dama sheda ne kawai.
Yau ya miƙe."

Na ciro fensir na rubuta.
A gurbin da ake sa sunan masanin da ya faɗa,
na sa: Ishaƙa mai karo, Maiurno,
shekara talatin da ɗaya yana kallo.