Ƙidayar Gado a Garejin Orval

Lauya Brekke ta rubuta a takarda: ƙaramar bindiga, guda ɗaya.
Na ce mata, zo ki ƙirga da idonki.

Garejin babana yana nan yadda ya bar shi,
a gangaren da ke kallon kogin Salmon.
Dusar ƙanƙara ta cinye rabin ƙofa,
warin man bindiga da na tsohon kofi
sun riga ni shiga.

Aljihun tebur na farko: mariƙi biyar,
kwance a kan tsumma kamar kifin da aka shanya.
Na biyu: bututu uku, kowane da sunan shekararsa
a jikin farar takarda, da rubutunsa mai karkata hagu.
Na uku ya ƙi buɗuwa sai da na buga masa gwiwa,
sifirin suka tarwatse a ƙasa,
Brekke ta durƙusa da siket ɗin kotu tana tsinta.

Ta ce doka ba ta san duk wannan ba.
Doka ta san ƙarfe ɗaya, mai lamba,
wanda bai kai tafin hannu ba.
Shi ne bindigar. Sauran tufafi ne.

Tufafi.

To ga baƙin mariƙi mai kauri,
na lokacin da yake ɗaga gungumen katako shi kaɗai,
hannunsa kamar faifan shebur.
Ga mai kaushi, wanda ya zauna dare uku yana ɗiga wa ƙananan ramuka
bayan ya dawo daga filin harbi yana ƙunƙuni
wai gumi ya sa ta zame masa.
Ga siriri, na shekarar da sanyin ƙashi
ya lanƙwasa masa yatsu biyu, ya ƙi gaya wa kowa.
Mu dai mun ga akwatin gidan waya ya cika,
mun ga ya daina buɗe kwalba a gabanmu.
Ga ɗan gilashin saiti mai jan ɗigo,
na lokacin da ido ya fara yi masa rowa.
Bai taɓa cewa na tsufa ba.
Sai dai ya ce, na yi odar wani abu.

Shekara ashirin da shida yana sauya mata jiki,
bai harbi komai ba sai takarda da gwangwanin wake.
Uwata takan ce da ya kula da rufin gida
rabin yadda yake kula da kunamar nan,
da bokiti bai kwana a falo ba.
Yakan yi dariya, ya ci gaba da goga.

Ƙanena Tyrel yana waya daga Boise:
a haɗa a sayar, kafin farashi ya faɗi.
Ban ga laifinsa ba. Yana da 'ya'ya uku da bashin mota.

Mariƙi na biyar yana cikin ledarsa har yanzu,
ba a yage ba.
Ƙarami ne, ruwan toka.
A jikin takardar babu shekara.
Marlys kawai ya rubuta.

Na tuna ranar. Ina da shekara goma sha bakwai,
ya ce zo mu je Asabar, na ce ina da abin yi.
Bai sake tambaya ba,
ni ma ban sake samun Asabar ba.

Na yage ledar da haƙori.
Na riƙe shi, fanko, ba ƙarfe, ba nauyi.
Yatsuna suka zauna daram
kamar ya auna su ina barci.

Brekke ta miƙe, sifirin bakwai a tafinta,
ta ce, to nawa zan rubuta?

Na ce bar shi a ɗaya.
Mai lambar ya bi hanyar doka, ya tafi wurin dillali,
kuɗin ya tafi Boise.
Wannan kuwa, ke kika ce tufafi ne.

Na sa shi a aljihun kwat,
na kashe fitila, na ja ƙofar da ƙyar.