Allura Kake Gani

Kakana ya haƙi kuza a Bukuru.
Ba ya yarda da buhu sai ya hau sikeli.
"Gani ya kori ji," in ji shi,
yana goge tafinsa a wando.

Ni kuwa a Naraguta
allon Dakta Nanret nake gogewa da yamma.
Yau ta cika shi da wani zare
wanda ƙanƙantarsa ta gagari kowace na'ura.
Na ce, "Wa ya taɓa ganinsa?"
Ta ce, "Babu. Amma dubi yadda lissafin ya zauna."

Ya kuwa zauna ɗas,
kamar duwatsun Riyom,
wani kan wani, ba siminti.
Sai dai su ana iya jingina da su.

A hanyar gida na tsaya bakin tafkin kuza.
Ruwa kore, shiru.
Ba wanda ya ga gindinsa,
zurfinsa mun san shi ne
ta yaran da bai maido ba.

Kaka, kai ma fa allura kake gani,
ba nauyi ba.

Na bar kusurwa ɗaya ban goge ba.