Layi Ɗaya

Bayan lisha Hajjo ta jawo fitilar caji,
tana haddar jarrabawar gobe da ƙarfi:
wai akwai ƙasashen da sarki ke sarauta, ba ya mulki,
ya sa hannu, ya sa albarka, ya koma ciki.
Firaminista ke riƙe da ragama,
a bayansa kuma akwai mataimaki.
Ta ɗago kai. "Baba, shi wannan mene ne aikinsa?
Layi biyu kacal littafin ya ba shi."

Na yi dariya har tsohon tarina ya tashi.

Layi biyu! Ai sun karrama shi, 'yar nan.
A kundin ƙungiyarmu ta masu noman rani, nan gefen Auyo,
wanda malamin gona ya rubuta da jan biro,
nawa layi ɗaya ne:
idan shugaba ba ya nan.
Shekara tara ke nan ina zaune a cikin "idan".

Dagaci, Allah ya ja zamaninsa, shi ke buɗe taro,
hatiminsa na kan kowace takarda,
amma ko ludayi guda na ruwan kanal ba ya rabawa.
Kundi ya hana, shi ma barcinsa ya fi daɗi haka.
Alhaji Sabitu muka zaɓa.
Shi ke zuwa Dutse, shi ke tsakiyar hoto.
Ni makullin ƙofar ruwa aka ba,
ya huda mini aljihu uku.

Daren da Barau da Nomau suka zare lauje
kan wa zai fara ban ruwa,
shinkafa ta fara naɗe ganye,
Alhaji yana Umara, waya ba ta shiga.
Na tsaya tsakaninsu, laka har gwiwa,
na karanta musu dokar da su ma suka ɗaga wa hannu,
na buɗe wa na ƙarshen layi tukuna.
Da ya dawo, gari ya ce Alhaji ya iya riƙo.
Na karɓi dabinona uku da zamzam a murfin kwalba,
na ce ƙwarai kuwa.

Abin da littafinki bai faɗa ba:
ranar da ya kwanta ciwo,
in na yawaita dubiya, a ce ina auna kujera,
in na ɗauke ƙafa, a ce na ƙosa.
Akwai masu biyo ni gona da raɗa,
"Mati, ai kai ne kurar, shi gardi ne kawai."
Nakan ba su goro in nuna musu hanya.
Ba don zuciyata ba ta taɓa leƙa kujerar ba.
Ta leƙa. Sau biyu. Na kamo ta.

Na ce rubuta: shi ne wanda ke riƙe wuri
da hannu biyu, ya mayar bai ɗumama shi ba.

Ta ce, "Malam ba zai ba da maki a wannan ba."
Ta koma kan layinta biyu.

Ni ma na laluɓi tocila da takalmin roba.
Ƙarfe ɗaya na dare ruwa zai juya
gonar Tabawa, wadda mijinta ya rasu bara,
kuma Alhaji, an ce, ya kwana a Haɗeja.